Kunnen Aro

Kwanan baya motar ɗana ta ƙi tashi a ƙofar gida. Ina zaune a kan tabarma ina kallonsa, ya murɗa makulli sau uku, ya fito ya ɗaga bonet ya zuba wa inji ido kamar yana jiran injin ya yi masa bayani, sannan ya ɗauko waya. Bakaniken da ya kira ya iso a kan babur, rigarsa fes, ko ɗigon baƙin mai babu. Bai ce a murɗa ya ji ba. Wata 'yar na'ura ya zaro daga aljihu ya soka a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta abin da ta rubuta, ya ce ga abin da ya lalace. Aka canja, mota ta tashi, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Daga zuwansa har tafiyarsa mutumin nan bai saurari motar ba ko sau ɗaya. Na rasa ko daɗi zan ji ko haushi. Abin da na sani shi ne, da irin wannan na'ura ta zo duniya da wuri, da akwai zunubin da ban ɗauka ba.

A zamaninmu kunne shi ne jarin direba. Wudil ɗin da na tashi a cikinta gari ne da ake sanin ranaku da sauti. Tun yammacin Alhamis za ka fara jin kukan shanu daga wajen kara, kasuwar shanu, da tsawar makiyaya, da ƙarar manyan motoci suna rage giya za su hau gada. Kowace mota da muryarta. Matan gida ma daga tsakar gida suna iya cewa ga motar wane ta shigo, a ɗora ruwan tuwo. Safiyar Juma'a kuwa sai ta haɗe da ƙwanƙwasar masu sayen tukwane, suna buga wa tukunya ɗan yatsa su ji ko tana da tsaga. Haka muke yi wa mota. Yanzu motoci sun yi yawa, kuma duk muryarsu ɗaya, ko mai motar ba ya gane tasa sai ya duba lamba. A wancan zamanin, aikinmu na ranar Alhamis shi ne mu gangara da mota bakin kogi mu wanke kashin shanun makon jiya, mu shiga ƙarƙashi da gwangwanin giris, mu cika lagireto, mu duba ruwan batir, mu bi kowane noti da sifana. Mutum ya dawo gida ko matarsa ba ta gane shi sai ya yi wanka biyu.

Wanda ya koya mini mota dattijo ne da duk tasha ke ce wa Baba. Shi ne direban wata babbar mota ta wani Alhaji, mai kai shanu Kurmi, ni kuma ina zaune a gefensa a matsayin direba na biyu. Kada a ɗauka yaro ne ni a lokacin. Ina da mata, ina da ɗa, lasin ɗina yana aljihu har ya fara yagewa a wajen ninki, amma shekara bakwai sitiyari ba ya zuwa hannuna sai Baba zai yi gyangyaɗi a miƙaƙƙiyar hanya. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, hannunsa kamar icen kirya. Idan mota ta ƙi tashi, tamu ko ta wani, shi ake kira. Ba ya taɓa sifana sai ya saurara. Yakan ce mota ba ta ƙarya, amsa huɗu gare ta. In ka murɗa ka ji shiru ɗif, wuta ba ta bar gidan makulli ba, ka nemi fiyus da wayoyin gaban direba. In ka ji ƙas, sau ɗaya ko a jere, wuta ta je wurin kik, abin da ke juya inji ya tashi, amma ta je da yunwa, ka duba kan batir ko ya yi gishiri, ka duba babbar wayar da ke kama ƙarfen gindin mota. In ta yi gurnani a hankali kamar tsohon da aka tasa daga barci, batir ne ya gaji. In kuma tana juyawa da ƙarfi ba ta kamawa, to bar batir ya huta, mai ne bai zo ba ko iska ta shiga. Wannan karatun na haddace shi kafin in haddace sunayen garuruwan hanya.

Sai dai Baba mugun malami ne, ba zan rufa masa wannan ba don ya mutu. Al'adar direbobin da ce, maigida ya lalata mota da gangan ya bar na ƙasa da shi ya nemo. Wasu kan yi a gareji, a ɓoye. Baba sai ya bari an cika da jama'a. Ya murɗa makulli, ya juyo wajena ya ce da ƙarfi, "Kai Dogo, me ka ji?" In na faɗa daidai ya ce ashe jaki ma yana gane hanyar gida. In na kuskure, sifana ce a bayan hannu. Wata rana a kan hanyar Darki ya zare fiyus ya sa a cikin hularsa, ya bar ni ina tonon wayoyi a rana tun hantsi har azahar. Cikin waɗanda muka rage wa hanya ranar akwai surukina, uban matata. Da na gaji, Baba ya cire hula ya ɗaga fiyus ɗin sama kowa ya gani, ya dubi surukina ya ce, "Malam, wannan da kuka ba wa 'ya, ku riƙa duba ko ya sa wando kafin ya fito." Aka yi dariya, har da surukin nawa, don ba yadda zai yi. Ni ma na yi murmushi. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar ƙaya, kuma na yi mata ban ruwa shekara da shekaru.

Ni na fara gane kunnen Baba ya soma tafiya. Taya ta fashe mana a baya wata rana, ƙarar da ta tashi tsuntsaye daga bishiya, shi kuwa sai da sitiyari ya fizge shi ya sani. Daga nan na lura in ana magana bakin mutum yake kallo, kuma ya daina zama a tsakiyar majalisa, sai ya jingina da bango don kada a zo masa ta baya. Bai taɓa gaya mini ba, ban taɓa tambayarsa ba. Amma tambayar nan tasa ta canja ma'ana a tsakaninmu. Yana nan yana daka tsawa, "Kai Dogo, me ka ji?" jama'a suna tsammanin jarraba ni yake yi kamar kullum, alhali kuwa idonsa yana kan leɓena yana jira. In na ce ƙas, sai ya ce, "To, ashe kana da kunne," ya wuce kai tsaye wurin batir, a yi ta mamakin gwanintarsa. Shekara biyu muna haka. Kunnena yake ci da shi, yana kuma zagina a kan kunnen a gaban mutane. Direba kurma ba mai motar da zai bar masa makulli, wannan ya sani, na sani, kuma ya san na sani.

Wata Alhamis ina ƙarƙashin mota da giris, na ga notin babbar wayar nan da ke kama ƙarfen gindi ya saki, wayar tana lilo, bakinta ya yi tsatsa. Sifana tana hannuna. Juyi uku ne kawai. Na dube ta, na dube ta, sai na ja jiki na wuce gaba. Ba zan ce na shirya wani abu ba, amma ba zan ce mantawa na yi ba.

Washegari Juma'a muka ja da baya muka jingina da tudun lodi a kara. Kafin hantsi ya ɗaga an gama shigar da shanu, an ɗaure ƙahonninsu a jikin katako, sun cushe ba masaka tsinke. Dabba a irin wannan matsi iskar tafiya ce ke riƙe da ita, in mota ta tsaya a rana sai su fara zubewa. Alhaji mai mota ya zo da kansa yin sallama, ga Bafulatanin da ke da yawancin shanun yana tsaye da sandarsa. Baba ya hau, ya yi bisimilla, ya murɗa. Ƙas, ƙas, ƙas. Na ji ta sarai kamar an buga mini cokali a haƙori. Jar fitilar gaban direba da za ta nuna masa wuta tana raguwa ta daɗe da ƙonewa, ba a sake ta ba. Ya sake murɗawa, sannan ya juyo ya kafa mini ido.

"Kai Dogo, me ka ji?"

Na buɗe baki sosai yadda zai karanta da kyau. Na ce, "Shiru, Baba."

Ya ce, "Shiru?"

"Ɗif."

Ya gyaɗa kai, ya ce wa Alhaji, "Gidan makulli ne, ranka ya daɗe. Yanzun nan." Bafulatanin ya ce shi dai kamar ya ji wani abu yana ƙas-ƙas, amma a bayan Baba yake, kuma wani ɗan kamasho ya ce masa ya tsaya ga shanunsa, mota ba nagge ba ce. Wa zai ja da Baba a kan mota?

Ya duba fiyus, lafiyarsu ƙalau. Ya kwance gidan makulli, ya zazzago wayoyin gaban direba kamar hanjin rago, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da harshe da farce. Rana ta hau. Ba a tura motar da ta ɗauki shanu a cikin yashi, ko mutum hamsin ne, kuma wata motar tana jiran tudun lodi, direbanta yana ta danna ham. Shanu suka fara numfashi da baki buɗe, yawu yana zuba ta tsakanin katako. Ni ina tsaye ina miƙa masa abin da ya nema, sukundireba, filaya, tsumma, da ladabi irin wanda ban taɓa yi masa ba. Gumi ya jiƙa rigarsa har ana ganin ƙashin bayansa. A lokacin na fara ganin ashe ya tsufa. Kuma zan faɗi gaskiya tunda ita na zauna faɗa: daɗi nake ji. Wani sanyi ne yake sauka mini a ƙirji kamar na sha ruwan randa.

Baba ba wawa ba ne. Da ya ga wayoyin ba su da laifi, sai ya sauko ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin mota ya ɗora tafin hannunsa a jikin kik. Abin da kunne ya kasa, hannu zai ji, in dai kik ɗin ya motsa. Ya ɗaga murya ya ce, "Dogo, hau ka murɗa!" Na hau, ni kaɗai a gaban mota, na haɗa wayoyin yadda zan iya tayarwa. Na murɗa rabi, daidai inda wuta ke kawowa, na tsaya ban ƙarasa ba. Na leƙo ta taga na nuna masa hannu alamar na murɗa. Ya ce in sake. Na sake yin rabi. Tsakanin kansa da wayar da ke lilo bai fi kamu biyu ba, amma ba can yake kallo ba, don na riga na rufe masa wannan ƙofar da kalma ɗaya. Ya fito da ƙura a gemu, ya ce, "To ba shakka shiru ne," ya koma kan wayoyinsa.

Aka kira sallar Juma'a, muka bar mota muka tafi, kafaɗata tana gugar tasa a sahu. Da muka dawo muka tarar wani bijimi fari ya durƙushe, sauran sun tattake shi, sai da aka haura da wuƙa aka yanka shi a cikin motar kafin ya zama mushe. Jini ya biyo ta ƙasan katako yana ɗiga a yashi. Bafulatanin ya daina kunya. Ya hau da kansa ya sa direban motar da ke jira ya murɗa, wannan karon har ƙarshe, a gaban kowa. Ƙas, ƙas, ƙas. Duk wanda ke wurin ya ji. Baba yana tsugune a gefen taya, ya ba mu baya, yana feƙe bakin wata waya da wuƙa, bai ɗago ba.

Direban ya ce, "Haba, wannan ai ko mai tallan goro ya san wuta ce ba ta isa. Baba, ba ka ji ba ne?"

Baba yana ta fiƙar waya.

Sai ɗan kamashon nan ya lallaɓa ya tsaya a bayansa, ya tafa hannu da ƙarfi daidai ƙeyarsa. Ko gezau. Wani ya kwashe da dariya. Ɗan kamashon ya ce, "Baba, gidanka ya kama da wuta!" Dariya ta ƙaru. Wani ya ce, "Baba, an sace maka mata!" Mutanen da shekara da shekaru suke durƙusa masa, waɗanda ya tayar wa motoci a daji kyauta, su ne suka yi layi a bayansa kowa yana jefa tasa, har da abin da baki ba zai maimaita ba. Sai da ya ga inuwarsu tana rawa a ƙasa ya waiwayo. Ya ga bakuna a buɗe, ya ga haƙora. Bai san me aka ce ba, sai ya yi abin da kurma kan yi, ya taya su murmushi. Wannan murmushin ya fi komai tayar musu da dariya.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya kira ni da hannu ya ce, "Kai, za ka iya?" Na ce da izinin Allah. Na shiga ƙarƙashi, na goge bakin wayar da yashi, na ɗaure notin, juyi uku. Na mayar da gidan makulli, na murɗa har ƙarshe. Mota ta ɗauka tun kafin in saki hannu. Baba bai ji ta ba, a tafin ƙafarsa ya ji ƙasa tana rawa, ya ɗaga kai ya ga hayaƙi. Alhaji ya matsa gabansa, ya yi magana a hankali yana nuna kunne, ya ce ya je gida ya huta, Allah ya saka da alheri. Baba ya hau ya sauko da tabarmarsa da butarsa da ƙunshin sifanunsa. Ya zo wucewa ta gefen tagata, na ɗauke kai ina duba madubi. Har na hau gada ina hango shi a tsaye inda muka bar shi, buta a hannu.

Na riƙe wannan mota shekaru, na riƙe wasu bayanta, na gina gida, na je Makka. A tasha ba wanda ya zarge ni, cewa aka yi hayaniyar shanu ce ta hana ni ji da farko, wasu ma suka ce ladabi ne ya hana ni gyara maigidana a gaban mutane. Baba ya koma ƙauyensu a wajen Utai, ban sake ganinsa a Wudil ba. Ina jin labarinsa jefi-jefi: ya gwada noma, ƙarfi babu, ya sayar da sifanunsa, idonsa ma ya fara hazo. Kullum ina cewa zan je. Abin da ya tura ni a ƙarshe wa'azi ne da na ji a masallaci, cewa haƙƙin da ke tsakaninka da Allah yana iya yafewa, amma wanda ke tsakaninka da mutum sai shi mutumin ya yafe da bakinsa. Na kasa cin abinci ranar.

Na same shi a zaure, a kan buzu, ya ƙanƙance kamar ba shi ne mai ƙirjin nan ba. Matarsa, wadda muke ce wa Inna, tana daga bakin ƙofar cikin gida, ga maƙwabta biyu sun zo gaishe shi. Sai da ya shafa fuskata ya gane ni. Na durƙusa, na kai bakina kunnensa, na ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Ran nan motar ƙas take yi, na ce shiru." Ya gyaɗa kai ya ce lafiya lau, ya iyali. Na ƙara murya. Na faɗi zancen notin da na gani na bari, na faɗi rabin murɗawar da na yi yana kwance a ƙasa. Ina ihu har kaji suna watsewa a tsakar gida, ina kuka, maƙwabtan sun sunkuyar da kai. Duk wanda ke unguwar ya ji, ban da shi. Leɓena ma ba ya gani balle ya karanta.

Ya ji ɗumin hawayena a hannunsa. Sai ya riƙe wuyan hannuna gam, ya juya wajen da yake zaton baƙin suke, ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Kun ga wannan? Shekara biyu shi ne kunnena. Ya san ba na ji, bai taɓa gaya wa kowa ba. Na zage shi, na doke shi, ya rufa mini asiri. Ran da asirin ya tonu ma ba laifinsa ba ne, shanu ne suka cika wurin da kuka. Duk Wudil shi kaɗai ne bai yi mini dariya ba. Dogo, ka yafe mini abin da na yi maka."

Na kama hannunsa zan girgiza, in nuna masa a'a, in nemi wata hanyar da zan sa ya gane. Inna ta fito daga bakin ƙofa, ta tsaya a kaina. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma bukata.

"Sake shi," in ji ta. "Ka karɓe motar, ka karɓe sunan. Mutumin kirki guda ɗaya ya rage masa a duniya yana tunawa, shi ma ka zo karɓa? Ka ce ka yafe masa, ka tashi ka tafi da kayanka."

Na matsa hannunsa sau biyu, ya ɗauka amsa ce, ya yi ta sa mini albarka har na sa takalmi. Bai kai damina ba ya rasu. Na je jana'iza, na tsaya a sahun baya, kuma ba wanda ya matsa ya ba ni wuri.